Daga Sao Paulo zuwa Bahia a Bin Sawun Fayafayan Gaurayen Kiɗan Burazil

Aikina a gidan rediyo shi ne daidaita sauti, kuma duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san akwai kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin muryar mai gabatar da shiri, wanda ba a so ya yi ƙarfi har ya danne magana, ba a kuma so ya yi lami har mai sauraro ya fara gyangyaɗi. Shekaru da dama abin da na fi dogara da shi wajen wannan buƙata shi ne wasu fayafayan CD da aka buga a Turai a farkon shekarun 2000, waɗanda masu haɗa kiɗa, wato DJ, suka tattara waƙoƙin Burazil tsofaffi da sababbi a cikinsu, aka ɗora musu bugun na'ura, sannan aka jera su ɗaya na shiga cikin ɗaya ta yadda kiɗan zai yi fiye da sa'a guda yana tafiya bai yanke ba. Bangonsu kusan iri ɗaya ne: rairayin bakin teku, bishiyar kwakwa, launin kore da rawaya. Da dama ta samu na je Burazil, sai na ƙudura cewa zan bi sawun waɗannan fayafayai in ga inda aka ɗebo abin da ke cikinsu, in kuma ga abin da aka bari a ƙasa wajen ɗibar.

Hanyar ta ɗan yi zagaye, domin sai da jirgi ya kai ni gabas zuwa Adis Ababa kafin wani ya juyo da ni yamma, ya ratsa Afirka da tekun Atlantika, ya sauke ni a filin jirgin Guarulhos. Sao Paulo ba ta bakin teku. Tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 700, kimanin kilomita 70 daga gaɓa, kuma ranar da na isa yayyafi mai sanyi ake yi a kan dogayen gine-ginen siminti da ido ba ya ganin ƙarshensu. Wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ke karatun injiniya a can, wanda harshen Fotigal ya zauna a bakinsa, shi ya zama tafintana, kuma shi ya ce mini idan fayafayai nake nema to mu fara daga tsohuwar tsakiyar birni, wajen titin 24 de Maio, inda Galeria do Rock take. Gini ne mai hawa-hawa tun na shekarun 1960, cike da ƙananan shaguna na riguna da kayan kiɗa, ƙasansa kuma na masu gyaran gashi ne da masu sayar da kiɗan baƙar fata. A unguwar akwai wasu gine-ginen irinsa, kamar Galeria Nova Barão, inda masu fayafayan garmaho suka yi dandazo.

A ɗaya daga cikin waɗannan shaguna na sami wani dattijo mai furfura da ya daɗe a sana'ar. Na miƙa masa ɗaya daga cikin fayafayan CD da na taho da su, ya juya bayansa, ya bi jerin waƙoƙin da yatsa, sannan ya sunkuya ƙarƙashin teburinsa ya zaro wani faifan garmaho na farkon shekarun 1970, wanda kwalinsa ya ci jiki, kuma sunan wanda ya fara mallakarsa yana rubuce da biro a kusurwa. Ya share shi da ƙyalle, ya ɗora a kan na'ura, ya sauke allura a hankali. "Ɗana," in ji shi, "daga nan aka yanko. Saurara ka ji abin da suka bari." Muryar mawaƙin na san ta sarai, domin na sha sa ta a ƙarƙashin shirin safe, amma ashe 'yan daƙiƙoƙi kaɗan na sani daga cikinta, waɗanda aka yanke aka riƙa maimaitawa. A nan waƙar tana da baituka, tana da 'yan amshi, a ƙarƙashinta kuma akwai pandeiro, wata ƙaramar gangar hannu mai kacau-kacau, da ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu da suke kira cavaquinho, da cuíca, gangar nan da ake goga wani siririn kara a cikinta da jiƙaƙƙen ƙyalle ta riƙa yin kuka kamar mai dariya. Da aka zo amshi na biyu makaɗan suka ɗan ƙara sauri ba tare da wani ya ba su umarni ba, kuma wannan ƙarin saurin shi ne abu na farko da ba ya cikin CD ɗin.

Dattijon ya ba ni labarin yadda kasuwar ta juya a gabansa. A tsakiyar shekarun 1990 manyan kamfanonin Burazil suka daina buga fayafayan garmaho, mutane suka koma CD, iyalai suka riƙa fitar da tarin fayafayan iyayensu suna sayarwa araha kamar a banza. A daidai lokacin ne masu saye daga Landan da Tokyo suka yawaita, suna zuwa da akwatuna babu komai a ciki suna komawa da su cike. A Landan an riga an fara rawa da tsofaffin waƙoƙin Burazil tun ƙarshen shekarun 1980 a wurare irin Dingwalls, inda Gilles Peterson yake sa kiɗa ranakun Lahadi, shagon Mr Bongo ya buɗe a 1989, Joe Davis kuma, wanda ya daɗe yana zuwa Burazil farautar fayafayai, ya kafa kamfanin Far Out a 1994. Misalin da masu sana'ar suka fi kawowa shi ne faifan Arthur Verocai na 1972, wanda bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito har mai shi ya koma yin kiɗan tallace-tallace, amma daga baya bugun asali na faifan ya riƙa kaiwa dubban daloli. Dattijon bai ɓoye cewa abin yana yi masa ciwo ba, ganin an kwashe kayansu a farashin gyaɗa, amma ya ƙara da cewa sai da Turawa da Japanawa suka nuna suna so kafin samarin garinsa suka fara shigowa shagon suna tambayar abin da iyayensu suka zubar.

Daga wannan farauta ne jerin kundayen waƙoƙin suka fito. Far Out ya yi jerinsa mai suna Brazilian Love Affair, Mr Bongo ya yi Brazilian Beats, a Jamus aka yi Brazilectro, a Beljiyam kuma kamfanin Crammed Discs ya buɗe reshe na musamman mai suna Ziriguiboom. Wasu daga cikin kundayen tattarawa kawai aka yi, kowace waƙa ta tsaya da ƙafarta, wasu kuma an haɗe su ba yankewa. Wanda Gilles Peterson ya fitar a 2004 faifai biyu ne, ɗaya na tsofaffin waƙoƙi ɗaya na sababbi masu kiɗan na'ura, kuma a ganina wannan tsari ya fi adalci, domin yana bai wa mai sauraro damar ya ji asali da reshe ya auna da kansa. Dole a yaba wa waɗannan kamfanoni abu guda: mawaƙa irin su Marcos Valle da Joyce da ƙungiyar Azymuth, waɗanda kasuwar gida ta ɗan juya musu baya, sun sami sabuwar rayuwa ta wannan hanya, sun fitar da sababbin ayyuka, sun yi wasanni a Turai da Japan.

Abin da na fi son gani shi ne yadda ake haɗin da hannu, kuma tafintana ya samo mini wata mata DJ da ke zaune a gabashin birnin, wadda ta yarda ta nuna mana a falonta. Tana da na'urorin juya faifai biyu na Technics, da akwatin haɗa sauti a tsakaninsu. Ta ɗora faifai a ta hagu yana fita ta lasifika, ta ɗora na biyu a ta dama wanda ita kaɗai ke jin sa ta abin sauraro da ta maƙale tsakanin kafaɗa da kunne ɗaya. Da yatsu biyu ta tsayar da faifan na biyu a kan bugun farko, tana ɗan tura shi gaba tana janyo shi baya, har lokacin da take jira ya yi ta sake shi. A gefen kowace na'ura akwai maɓalli mai zamewa da ke ƙara saurin juyawa ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari, kuma da shi take bin faifan har bugun biyu su zauna a kan juna. Sai ta rage kaurin sautin na farko, ta buɗe na biyu, kafin in ankara waƙa ta zama wata. Da fayafayan kiɗan na'ura abin ya zo mata da sauƙi, har takan bar biyun su yi minti guda suna tafiya tare. Da ta ɗauko tsohon faifan samba kuwa, wato fitaccen kiɗan rawa na Burazil, cikin daƙiƙa kaɗan bugun biyu suka fara tuntuɓe da juna, sai ta riƙa taɓa gefen faifan da ɗan yatsa tana gyarawa, daga ƙarshe ta yi dariya ta yanke.

A nan na fahimci dalilin da ya sa kusan duk waƙar da ke cikin fayafayaina an sake mata zubi. Makaɗan da suka yi rikodin a shekarun 1960 da 1970 ba agogon na'ura suke bi ba, junansu suke bi, don haka saurinsu yana hawa yana sauka. Wanda yake son ya jera waƙa ashirin ba yankewa kuwa yana buƙatar kowacce ta tsaya a kan sauri guda daga farko har ƙarshe. Saboda haka sai a shigar da tsohuwar waƙar cikin kwamfuta, a yanke ta gunduwa-gunduwa, a ja wannan a matse wancan har kowane bugu ya faɗa kan layin awo, sannan a ɗora mata gangar na'ura a ƙasa. Matar ta ce matsalar ita ce samba ba ta zaune a kan layin awo tun asali. Kowane bugu yana da ƙananan bugu huɗu a cikinsa, kuma ba daidai suke da juna ba: wasu suna zuwa da ɗan wuri, na ƙarshe ya ɗan ja, kuma wannan rashin daidaito shi ke sa jiki motsi. Idan aka miƙe su sarai, kayan kiɗan duk suna nan amma rangajin ya tafi. Duk wanda ya saba da situdiyoyin Kano ya san irin wannan: fiyano tana iya fitar da sautin kalangu, amma ba ta da hammatar da za ta matse tsirkiya ta sake ta yadda ganga za ta yi magana.

Ta ce wannan ne ya sa a ganinta haɗin da ya fi dacewa da samba ba kiɗan na'ura na gidajen rawa da ake kira house ba ne, mai bugu 120 zuwa 125 a minti ɗaya da ganga guda tana dukan kowane bugu daidai wa daida, sai dai drum and bass, wanda ya taso a Ingila a farkon shekarun 1990. Shi yana gudu a kan bugu 170 da ɗoriya, rabin wannan kuma, wato 85 ko kusa da haka, shi ne wurin da waƙoƙin samba masu matsakaicin sauri suke zama, ga shi kuma gangunansa a karye suke, suna barin gurbi ga pandeiro da jita su yi nasu. Samarin Sao Paulo ne suka gano wannan, ba 'yan Landan ba. A 1998 Bryan Gee, mai kamfanin V Recordings, ya ga DJ Marky yana aiki a wani gidan rawa na birnin ya gayyace shi Ingila. A 2001 Marky ya fitar da faifan haɗi mai suna The Brazilian Job, a 2002 kuma waƙarsa da abokin aikinsa XRS mai suna LK, wadda aka gina a kan jita da muryoyin wata tsohuwar waƙar Jorge Ben da Toquinho, ta shiga cikin ashirin na sama a jerin waƙoƙin Birtaniya. A kusan wannan lokaci DJ Patife ya sake zubin wata waƙar Fernanda Porto wadda ita ma ta ketare teku. Da na saurari waɗannan a falon nan, da ƙarar motoci tana shigowa ta taga, na ji cewa su kiɗan wannan birni ne mai hanzari da cunkoso, kuma babu ruwansu da bishiyar kwakwa.

Shi kuwa salo mai laushi da ya cika fayafayaina yana da nasa tushe, kuma tushen ya fi abin da ya biyo bayansa kyau nesa ba kusa ba. Mitar Subotić, wanda aka fi sani da Suba, mutumin Novi Sad ne a ƙasar Sabiya, ya zo Sao Paulo a 1990, ya shiga cikin makaɗan birnin ya koyi kiɗansu kafin ya ɗora musu na'ura. A 1999 ya fitar da faifansa São Paulo Confessions, kuma a watan Nuwamban shekarar gobara ta tashi a situdiyonsa hayaƙi ya yi ajalinsa, alhali yana dab da kammala faifan Bebel Gilberto, 'yar João Gilberto wanda yana cikin waɗanda suka kafa bossa nova, wani salon samba mai laushi, a ƙarshen shekarun 1950. Faifan nata, Tanto Tempo, ya fito a 2000 ya yi kasuwa ƙwarai a Turai da Amurka, shekara guda bayan haka aka fitar da kundin sababbin zubinsa. Daga nan masu kwaikwayo suka yi caa. Duk wanda ya sami muryar mace mai sanyi, da jita, da gangar na'ura mai taushi, sai ya buga faifai ya manna masa hoton teku, har salon ya zama kiɗan harabar otal da ɗakin jiran jirgi. Ba na raina shi, domin ya yi mini aiki shekara da shekaru, amma an yi shi ne don kada ya dami kowa, kuma abin da na riƙa ji a titunan Burazil ba ya neman izinin kowa kafin ya dame shi.

Daga tashar Tietê na hau motar safa zuwa Rio de Janeiro, tafiyar kimanin sa'a shida a kan babbar hanyar Dutra. Daren Litinin na je Pedra do Sal, wani ƙaton dutse mai matakala da aka sassaƙa a jikinsa a unguwar Saúde, kusa da tashar jiragen ruwa. Tafiyar 'yan mintoci daga nan ne Cais do Valongo yake, matsayar jiragen da aka gina a 1811 inda aka sauke kimanin 'yan Afirka 900,000 da aka kamo bayi, wadda aka tono a 2011 kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Bayan an soke bauta a 1888 baƙar fata daga Bahia suka yawaita a wannan yanki, kuma a gidajen matansu, irin na Tia Ciata, samba ta birni ta girma. A gindin dutsen babu dandamali. Makaɗa suna zaune ne kewaye da teburi, jama'a sun kewaye su har kan matakala, babbar gangar surdo tana sauke nauyinta a kan bugu na biyu, kuma kowa ya san baitukan yana rerawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na mai aikin sauti shi ne ba sa tsayawa tsakanin waƙa da waƙa. Kafin amshin ƙarshe ya mutu mai cavaquinho ya riga ya juya zuwa wani sauti, wani daga ɗaya gefen teburin ya ɗauko sabuwar waƙa, gangunan ba su fasa ko bugu ɗaya ba, haka za su jera biyar ko shida kafin su sha ruwa. Ke nan kiɗan da ba ya yankewa ba DJ ne ya kawo wa samba shi ba. Bambancin shi ne a nan saurin yana ƙaruwa a hankali yayin da dare ke yi kuma jama'a ke ɗumama, ba wanda ke riƙe shi a kan lamba ɗaya, kuma wanda ke zaɓen waƙa ta gaba yana kallon fuskokin mutanen da za su rera ta tare da shi.

Rio tana da nata kiɗan na'ura, wanda ko sau ɗaya bai leƙa cikin fayafayaina masu hoton teku ba, shi ne funk na unguwannin talakawa da ke manne a jikin duwatsu. Ya samo asali ne daga kiɗan Miami bass na Amurka da ake sawa a manyan raye-rayen ƙarshen mako a shekarun 1980, kuma abin lura shi ne shi ma ta hanyar kundin DJ ya tsaya da ƙafarsa, domin a 1989 DJ Marlboro ya tattara samari suka rera da harshen Fotigal a faifan Funk Brasil. A ƙarshen shekarun 1990 aka maye gurbin gangar Amurka da wani bugu da ake kira tamborzão, mai sautin gangunan hannu na baƙar fatar Burazil. Wannan tafiya ce ta baya da baya idan aka kwatanta da ta kundayen Turai: a can an ɗauki kiɗan Burazil an sa masa na'ura, a nan an ɗauki na'ura an koya mata kiɗan Burazil. An daɗe ana tsangwamar funk ana danganta shi da 'yan daba, sai a 2009 jihar Rio ta yi dokar da ta amince da shi a matsayin al'ada. Ƙetare kuwa ya san shi ne a 2004, lokacin da Daniel Haaksman na Balin ya fitar da kundin Rio Baile Funk, Ba'amurke Diplo kuma ya yaɗa nasa haɗin. Wani yaro da na ziyarta a arewacin birnin, wanda situdiyonsa kwamfutar cinya ce da lasifika biyu a kan katako kusa da gadonsa, ya nuna mini yadda yake haɗa waƙa talatin cikin rabin sa'a a kan bugu 130 ko 150 a minti, ya tura ta WhatsApp da YouTube, zuwa Asabar ta isa manyan lasifikun unguwa. Baitukan da tafintana ya yarda ya fassara mini da yawansu batsa ce da ba zan iya sawa a iska ba, amma gangar tana da ran da na rasa a cikin tarin fayafayan da suka fi ta ladabi.

Zangona na ƙarshe Salvador ne, babban birnin jihar Bahia, wanda shi ne hedikwatar Burazil ta farko daga 1549 zuwa 1763. Bahaushe ba baƙo ba ne ga tarihin wannan gari: Hausawan da aka kawo bayi sun shirya tawaye a 1807, wasunsu kuma suna cikin boren Musulmi na watan Ramadan na 1835 wanda Yarbawa suka fi yawa a cikinsa, har yau ma ana dafa wata shinkafa da busasshen nama da albasa da ake kira da sunan Hausawa. A nan batun haɗa ganga da lantarki tsoho ne, ya girmi kowane kundin Turai. Tun farkon shekarun 1950 Dodô da Osmar suka ɗora lasifika a kan tsohuwar mota ƙirar Ford suka ratsa bikin titi na shekara-shekara da ake kira Carnival da jitar lantarki da suka ƙera da hannunsu, abin da ya zama manyan motocin kiɗa na yau. A shekarun 1980 ƙungiyoyin ganguna irin su Olodum suka auri samba da reggae na Jamaika, kuma ƙungiyar BaianaSystem, da aka kafa a 2009, ta ci gaba da wannan layi da ƙaramar jitar Bahia da manyan lasifiku.

A wani ƙaramin situdiyo da ke bayan tsohuwar unguwar Pelourinho na tarar da wani matashin furodusa yana shirin ɗaukar gangar wani dattijo, wanda shi da yaransa duk Mestre suke kiransa, wato maigidan sana'a, kuma ba wanda ya zauna sai da ya zauna. Kafin dattijon ya taɓa ganga ya nemi a kawo takardar rajistar waƙar a rubuta cikakken sunansa yana kallo. Furodusan ya bayyana mini dalili. A Burazil hukumar ECAD ce ke karɓar kuɗin waƙoƙin da ake sawa a rediyo da talabijin da wuraren taro, kuma idan rikodin ne aka sa, kashi biyu cikin uku na marubutan waƙar ne da masu buga ta, sulusin da ya rage kuma ana raba shi tsakanin mawaƙi da kamfanin da ya yi rikodin da makaɗan da suka raka, waɗanda rabonsu bai wuce kashi ɗaya cikin shida na wannan sulusin ba. Ɗan abin nan ma ba ya isa hannun makaɗi sai sunansa na cikin rajista. Yawancin tsofaffin fayafayai kuwa ba su rubuta sunan mai pandeiro ko mai cuíca ba, kamfanonin da suka buga su kuma an haɗiye su: Odeon ya shiga EMI, daga baya Universal, Continental ya koma hannun Warner. Don haka mai haɗa kundi a Landan ko Balin, ko da ya bi ƙa'ida ya biya kuɗin izini, kamfani da marubuci ya biya, alhali sau da yawa abin da ya yanko ya maimaita daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta shi ne hannun mutumin da ba a rubuta sunansa ba.

Da aka gama da takarda sai aka shiga aiki, kuma tsarin ya saɓa wa wanda na gani an bi da tsofaffin waƙoƙi. Furodusan bai sa wa dattijon agogon na'ura a kunne ba. Ya bar shi ya ɗaure gangar timbau a ƙugunsa ya buga yadda ya ga dama na tsawon minti huɗu ko biyar, sannan ya zauna gaban kwamfuta yana jan layukan awo ɗaya bayan ɗaya zuwa inda hannun dattijon ya sauka, ta yadda gangar na'ura da sauran sautukan da zai ɗora daga baya su ne za su bi mutum. Aikin ya ci masa yammacin gaba ɗaya, abin da da ya miƙe bugun zai gama cikin 'yan mintoci. Da ya kammala, allon ya nuna cewa daga farkon rikodin zuwa ƙarshensa saurin ya hau da bugu shida ko bakwai a minti. Na tambaye shi yadda za a yi idan wani DJ ya so ya haɗa wannan waƙa da wata a cikin kundi, tunda ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ya ce ba zai taɓa ta ba, DJ ɗin yana da yatsu kuma yana da maɓalli mai zamewa, sai ya nemi dabararsa.